Ciwon Baya Mai Daɗewa da Ciwon Damuwa: Tambayoyin da Hausawan Legas Ke Yawan Yi

Yawancin sana'o'in da Hausawa ke ci da su a Legas da gadon baya ake yin su: dako a kasuwar Mile 12, tura kurar ruwa cikin unguwanni, saɓar nama a mayankar Oko-Oba da ke Agege, tuƙin tanka da tirela a hanyar Apapa, gadin dare a kan benci, da zaman ɗinki ko durƙuson suya da wanki ga mata. Saboda haka ciwon baya ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ciwon, idan ya daɗe, yake taɓa zuciya da tunani, da yadda damuwar ita ma take komawa ta ƙara wa bayan ciwo.

Yaushe ne ake cewa ciwon baya ya zama mai daɗewa?

Idan ya haura wata uku bai rabu da mutum ba. Yawancin ciwon baya na ɗaga kaya ko murɗewa yakan lafa cikin makonni shida, amma akwai wanda yake zama ya ƙi tafiya, ko ya tafi ya dawo har mutum ya daina ƙirga lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, wato wajen ƙugu, kuma adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, likita ba ya iya nuna wata cuta guda ya ce ga musabbabin.

Mene ne ciwon damuwa, kuma da me ya bambanta da ɓacin ran yau da kullum?

Kowa yana shiga ɓacin rai, musamman a garin da kuɗin ɗaki da na mota ke tashi ba sallama. Wannan yana wucewa idan al'amura suka daidaita ko aka samu mai lallashi. Ciwon damuwa kuwa cuta ce da likitoci ke ganewa da alamominta: baƙin ciki ko mutuwar zuciya kusan kullum, mafi yawan yini, na aƙalla mako biyu a jere, ko kuma mutum ya daina jin daɗin duk abin da a da yake faranta masa rai. Tare da wannan akan samu rashin barci ko farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, rashin cin abinci ko cinsa fiye da kima, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin cewa mutuwa ta fi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan cuta da kimanin miliyan 280 a shekarar 2019, kuma ta fi yawa ga mata.

A wajenmu da wuya magidanci ya buɗe baki ya ce ransa a ɓace yake. Abin da zai ce shi ne jikinsa ya mutu, kansa ya yi nauyi, ƙirjinsa na zafi, ko barci ya ƙaurace masa. Likitan da yake da layin mutane a bakin ƙofa sai ya rubuta maganin abin da aka faɗa masa.

Da gaske akwai alaƙa tsakaninsu, ko dai hasashe ne?

An bincika an tabbatar. Wani babban nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 85,000 daga ƙasashe 17, har da Najeriya, ya gano cewa masu ciwon baya ko na wuya mai daɗewa sun ninka waɗanda ba su da shi fiye da sau biyu wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa da dangoginsa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka yi aikin. Muhimmancin nazarin shi ne an ga alaƙar a ƙasashe masu arziki da matalauta baki ɗaya, don haka ba za a ce cutar masu hutu ce ba.

To wanne ne ke fara zuwa, ciwon bayan ko damuwar?

Kowanne yana iya riga ɗan'uwansa, kuma da zarar sun haɗu sai su riƙa ciyar da juna.

A ɗauki mai ruwa da ke tura kura mai jarka goma, kowace lita 25. Nauyin ruwan kaɗai kilo 250 ne, ga titin unguwa mai ramuka, ga hawa bene da jarka biyu a hannu. Ranar da bayansa ya riƙe, sawun da yake yi ya ragu, abin da yake aikawa gida ƙarshen mako ya ragu. Waya ta shigo daga ƙauye ana maganar taki ko kuɗin maganin yaro, sai ya duba ya mayar da ita aljihu. Da dare yana kwance a ɗakin da suke su shida, ba filin juyi, ciwon ya hana shi barci, tunani ya karɓa daga nan. Ya daina zuwa majalisar mai shayi domin ba ya son tambayar "yaya jikin?" da ba shi da sabuwar amsarta. Ciwo, rashin barci, raguwar samu, kunya da kaɗaici, waɗannan su ne hanyar da aka fi bi zuwa ciwon damuwa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, bayanin yana cikin yadda jiki ke jin ciwo. Saƙon ciwo yana tashi daga baya ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa, amma ƙwaƙwalwa ba karɓa kawai take yi ba. Akwai jijiyoyin da ke saukowa daga gare ta zuwa laka suna rage ƙarfin saƙon, kuma sinadaran da suke aiki da su, serotonin da noradirenalin, su ne dai ke da hannu wajen daidaita yanayin zuciya da barci. Idan damuwa ta yi tsanani wannan ragewar takan yi rauni, sai ya zama kamar rediyon da maɓallin rage sautinsa ya lalace: tashar ba ta canza ba, ƙarar ce ta cika ɗaki. Haka kuma idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin amsawa, har ɗan sunkuyon da a da ba ya komai ya koma azaba. Ƙari a kan haka, daren da ba a yi barci ba yana sa a fi jin ciwo washegari, kuma mai damuwa yakan rage motsi, naman bayansa ya saki. Shi ya sa likitoci ke lissafa ciwon damuwa cikin abubuwan da ke nuna cewa sabon ciwon baya zai iya rikiɗewa ya zama mai daɗewa.

An yi mini hoto, likita ya ce bai ga komai ba. Yana nufin ƙarya nake yi ke nan?

Ko kaɗan. Hoto yana nuna ƙashi da guringuntsi, ba ya nuna ciwo. Mutum na iya shan wahala ƙwarai hotonsa ya fito lafiya lau, wani kuma hotonsa ya nuna zaizayewa alhali bai taɓa kukan baya ba. Wani nazari na 2015 da ya duba hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu alamun zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ke nan yawancin abin da ake gani a hoto alamar shekaru ne.

Wannan yana da amfani ta fuska biyu. Wanda aka ce wa ba a ga komai ba kada ya ɗauka an ƙaryata shi, domin ciwonsa na gaskiya ne kuma yana da magani. Wanda kuma aka ce wa ƙashinsa ya zaizaye kada ya yanke wa kansa hukuncin nakasa. A ganina kalma guda da aka furta ba tare da bayani ba a ɗakin likita tana iya kwantar da mutum fiye da ciwon da ya kai shi, saboda tsoron motsi da take dasa masa. Hoton MRI, wanda ke nuna guringuntsi da jijiyoyin cikin baya dalla-dalla, yana da tsada, kuma idan babu alamun haɗari da za a ambata a gaba, yawanci ba ya canza maganin da za a bayar.

Shin ciwon damuwa ba raunin imani ba ne?

Wannan zato yana hana mutane da yawa neman taimako. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, da Annabi Ayyuba da ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma babu wanda ya tuhumi imaninsu. Addu'a da haƙuri suna da gurbinsu, neman magani ma yana da nasa, kamar yadda ba a ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya wadatu da tawakkali. Wanda tsayuwa ko ruku'u ke yi wa wuya yana da rangwamen yin salla a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Ya fi masa ya je jam'i ya zauna a kujera a gefen sahu da ya ƙaurace wa masallaci, domin ganin mutane sau biyar a yini kariya ce daga kaɗaici. Haka abin yake ga Kirista da majami'arsa.

Tiramadol da haɗin da ake saya a kemis suna taimaka mini in yi aiki. Mene ne laifinsu?

Laifinsu babba ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Tiramadol dangin ƙwayoyi masu sa maye ne. Da farko yana kashe ciwo ya kuma ɗaga zuciya, shi ya sa ɗan dako ke jin kamar an ƙara masa ƙarfi. Amma jiki yana sabawa, abin da guda ke yi jiya sai biyu yau, kuma ranar da ba a sha ba sai ciwon jiki, gumi, rashin natsuwa da baƙin ciki su taso, mutum ya ɗauka ciwon bayansa ne ya dawo alhali rashin ƙwayar ne. Daɗewa ana shan irin waɗannan ƙwayoyi yana da alaƙa da kamuwa da ciwon damuwa, kuma ga wasu yana ƙara musu jin ciwo maimakon ragewa. Idan aka sha da yawa yana kawo farfaɗiya. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, bisa takardar likita, yayin da mai 200 da 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne, shi ne wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ke yawan kamawa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamban 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ba da shawarar kada a yi amfani da su.

Haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda kuwa, matsalarsa ita ce mai sha bai san abin da ke ciki ba. Sau da yawa akan haɗa magungunan ciwo biyu masu aiki iri ɗaya, irin su diklofenak da ibuprofen. Kowannensu yana da amfani idan an sha na ɗan lokaci bisa ƙa'ida, amma shansu kullum, musamman da cikin da ba abinci, yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini. Wanda ya riga ya saba da tiramadol kada ya yanke shi dare ɗaya. Ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha a rage masa a hankali.

Ana cewa basir ne ke kawo ciwon baya. Yaya batun maganin gargajiya da ƙaho?

Basir na likita kumburin jijiyoyin dubura ne, kuma ba shi ne ke sa ciwon baya na watanni ba. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a tashoshin mota, irin wanda Yarabawa ke kira opa eyin, da yawansu da barasa ake jiƙa su, ba a kuma san ma'auninsu ba. Barasa tana dagula barci tana zurfafa damuwa. Tausa tana cikin abubuwan da jagorar 2023 ta yarda da su a matsayin ɓangare na kulawa. Ƙaho wasu na jin sauƙi na ɗan lokaci bayansa, sai dai a tabbatar aska sabuwa ce saboda cutar hanta da ƙanjamau, kuma kada ya zama dalilin jinkirta ganin likita.

Kwanciya ta fi, ko in ci gaba da motsi?

Motsi. Doguwar kwanciya tana sa naman baya ya yi rauni, gaɓoɓi su sandare, tunani kuma ya samu fili. Motsa jiki bisa tsari yana cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna rage ciwon baya mai daɗewa, kuma shi ne dai ke rage damuwa mai sauƙi da matsakaiciya, ga shi ba ya cin ko kwabo.

Masu aikin ƙarfi sukan ce ai su kullum cikin motsi suke. Ɗaukar kwandon tumatir daga bayan mota tun asuba aiki ne na sunkuyo da murɗawa ta gefe ɗaya, ba irin motsin da ake nufi ba ne. Abin da ake so shi ne tafiya a ƙafa ba da kaya ba, ana farawa da minti goma ana ƙarawa kowane mako, tare da atisayen miƙewa da ƙarfafa ciki da ƙugu wanda likitan gashin ƙashi zai koyar. Direban da cunkoso ya riƙe a layin shiga tashar jiragen ruwa ya sauko ya taka duk lokacin da ya samu dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar da aka ji dama-dama sai a rama aikin mako guda, a kwanta kwana uku. Gara a tsayar da gwargwadon da za a iya yi kullum, ko da ciwo ko babu. Ɗamarar baya da ake tallatawa a bakin titi, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan amfani da ita ba.

Maganin damuwa zai warkar mini da bayan?

Idan likita ya tabbatar akwai ciwon damuwa, magance shi yakan gyara barci, ya dawo da kuzari, ya sa a iya jure ciwon a kuma iya yin atisaye, don haka bayan yana amfana. Amma ba a ba da shawarar a sha ƙwayoyin damuwa domin ciwon baya kaɗai ba, saboda amfaninsu a nan kaɗan ne. Magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa aiki nan take, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Ba sa sa maye, amma ba a daina su farat ɗaya. Wajibi ne likita ya san idan mutum yana shan tiramadol, domin haɗa shi da waɗannan magunguna yana da haɗari ƙwarai.

Akwai kuma magani na tattaunawa da ƙwararre kan halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tsorata shi, irin su "na gama yawo" ko "idan na sunkuya ƙashina zai karye", a gwada su da zahiri, a mayar da shi harkokinsa mataki-mataki. Wannan hanya tana aiki a kan cututtukan biyu a lokaci guda.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

A garzaya asibiti a ranar idan ciwon baya ya zo da kasa yin fitsari ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko raunin ƙafa mai ƙaruwa, domin wannan na iya nufin an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma jinkiri yana barin nakasa. A ga likita cikin gaggawa idan akwai zazzaɓi, rama ba dalili, gumin dare ko tari mai daɗewa, saboda tarin fuka yana kama ƙashin baya, haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, ko mutum ya taɓa yin ciwon daji, ko yana da sikila.

Ta ɓangaren damuwa, duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rabon kayansa da neman yafiya ba gaira ba dalili, kada a ɗauki maganarsa wasa kuma kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da ƙwayoyi da maganin ƙwari daga inda yake, a tambaye shi kai tsaye cikin tausasawa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sannan a raka shi asibiti. Lambobin agajin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Ina za a je a Legas?

A fara da cibiyar lafiya ta matakin farko ko babban asibitin gwamnati mafi kusa, su za su tura mutum gaba idan da buƙata. Asibitin ƙashi na ƙasa yana Igbobi. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, na jiha kuma, LASUTH, yana Ikeja, kuma dukansu suna da sashen gashin ƙashi da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda tarihinsa ya faro tun 1907, shi ne mutane suka fi jin tsoron sunansa, alhali yawancin masu ciwon damuwa ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin masu neman irin wannan magani. Tsarin inshorar lafiya na jihar, Ilera Eko, na mazauna Legas ne, kuma ya dace a tambayi abin da yake ɗauka kafin a yi rajista.

Wanda Turancinsa ko Yarabancinsa bai nuna ba ya tafi da amintaccen mai fassara, kuma ya tafi da ledojin duk abin da yake sha. Idan aka tambaye shi abin da ke damunsa, kada ya tsaya a kan baya: ya faɗi yadda barcinsa yake, yadda cin abincinsa yake, da abin da ya daina yi tun da ciwon ya fara.

'Yan'uwa na cewa in tattara in koma gida. Shin hakan ya fi?

Ya danganta da abin da ke jiran mutum a can. Komawa cikin iyali yana maganin kaɗaici, yana kawo abinci a kan lokaci da barci a shimfiɗa mai kyau. Amma idan komawar na nufin zama ba aiki a ƙofar gida ana jin tausayinka, ko asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar rabin yini, damuwar na iya ƙaruwa. Kafin a yanke shawara ya kamata a duba ko akwai aiki mai sauƙi a nan ɗin, kamar tsaron rumfa, awo ko lissafin kaya, kuma shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni sukan iya sa baki a irin wannan. Wanda ya riga ya fara shan maganin damuwa kuma ya ƙudurta tafiya, ya karɓi takardar tura shi zuwa asibitin da ke kusa da garinsu, da maganin da zai ishe shi har ya samu ganin likita a can.